Labulen Nehir

Shekara ashirin da biyu ina aski a Izmir,
layi na uku daga bakin teku.
Kan da bai ratsa hannuna ba a unguwar nan,
ko baƙo ne, ko sanƙo ya riga ni.
Sai ga kan cikin gidana ya gagare ni.

Nehir, shekara sha ɗaya da wata bakwai.
Bara war haka sai da kokawa take wanka,
bana tun asuba ta kulle banɗaki,
ni da wanta muna layi, buroshi a hannu.

Ta wanke gashi da safe,
kafin jirgin fito na la'asar ya dawo
ya kwanta luf, ya manne, yana ƙyalli
kamar an tsoma shi a man zaitun ɗin kakarta.
Goshi na naso, hanci na naso.
Ƙuraje uku a haɓa, biyar a goshi,
babban cikinsu har suna ta raɗa masa,
sunan malamin lissafinsu.

Sai ta saki gashi ya rufe goshin.
Labule.
Ta bayansa take cin abinci,
ta bayansa take amsa sallama,
maiƙon gashi na yi wa ƙuraje ban ruwa.

Goggonta Sevgül ta ce lemun tsami.
Mai burodin riɗi ya ce man goge baki.
Abin da wanta ya ce ba zan maimaita ba,
ya dai kwana biyu babu waya.
Ta dirji fuska kamar gindin tukunya,
fata ta ji haushi, ta rama da sabon mai.

Ülker mai kantin magani ta sauke tabarau:
"Ba ƙazanta ba ce, 'yata,
girma ne ke ƙwanƙwasa ƙofa.
Safe da dare, ruwa mai ɗumi, sabulu marar zafi.
Kar a dirza, kar a matsa.
Shamfu a fatar kai, rigar filo a sauya.
In wata biyu babu sauƙi, sai likitan fata.
Gashin nan kuma a ɗage shi."

Ta ɗauki duka, ban da na ƙarshe.

Daren Talata, uwarta na aiki a asibiti,
na rufe shago, na share gashin mutane.
Tana kan kujerar aski tana juyi,
ba ta yarda ta haɗa ido da madubi.
Na dama kumfa. Na wasa aska.
Ta ce, "Kar ka taɓa mini!"
Na ce ba naki ba.

Gemun da ko uwarta ba ta san ƙarƙashinsa ba
ya zube a tawul, baƙi da furfura.
Na jawo fitila, na kai mata kumatuna:
ramuka ramuka, kamar ƙasar da kaza ta tona.
"Da farcena na haƙa su, ina sha uku.
Kowa da irin labulensa."

Ta yi shiru. Ta sa yatsa ta ƙirga, ta ɓace a sha tara.
Sai dariya ta ƙwace mata:
"Baba, ka koma dankali!"

Ban ce komai ba.
Ita ta miƙa hannu cikin gwangwanin almakashi,
ta zaro maƙalin da nake kama gashi da shi,
baƙi, mummuna, haƙori ɗaya a karye.

Malamin lissafi yana nan, bai tafi ba,
jiya ma ya yi baƙo kusa da gira.
Amma da safe na raka ta mashigar jirgi,
iskar teku ta doki goshinta, ta doki haɓata,
muka ce wash a tare.
Ban san haka garin nan yake da sanyi ba.